Cinyar da na ɓoye wa koci

Saura kwana 4 a buga wasan ƙarshe na kofi, ina tsaye bakin fili ina kallon yaran da nake taya horarwa, sai idona ya tsaya kan wanda ke buga mana gefen dama. Shekararsa 21. Yaron nan gudu ne arzikinsa, in ya ɗauki ƙwallo ba ya waiwaye. Amma ranar duk ƙwallon da aka jefa masa gaba sai ya ɗaga hannu, wai ta yi nisa. Ta yi nisa? Ƙwallon da makon jiya zai kamo ta har ya tsaya jiran mai tsaron baya? Da aka zo miƙa jiki kuma sai ya durƙusa yana ta ɗaurin igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Na san wannan ɗaurin igiya. Ni ma na yi shi.

Da aka tashi na bi shi ɗakin canza kaya, na tarar da shi shi kaɗai yana naɗe bayan cinyarsa da bandeji. Bai ma wahalar da kansa wajen yi min ƙarya ba. "Baba, don girman Allah ka rufa min asiri. Ɗan tsami ne kawai, kafin ranar zai sake ni."

Ɗan tsami. Kalmar da na yaudari kaina da ita kenan sama da shekara 20 da suka wuce.

Ba zan ambaci ƙungiyar ba, ba zan ambaci kofin ba, don laifin nawa ne. Lamba 3 nake bugawa, wato mai tsaron baya na gefen hagu, a wata ƙungiya da ba ta taɓa jin ƙamshin wasan ƙarshe ba. Wanda bai buga gasar sili-ɗaya-ƙwale ba ba zai gane yadda take shiga jini ba. A lig in ka faɗi yau, mako mai zuwa ka rama. A kofi kuwa rana ɗaya ce, wanda ya yi tuntuɓe ya tattara kayansa. Shi ya sa ƙaramar ƙungiya ke iya kayar da babba, kuma a shekarar mun kayar da manya biyu. A wasan daf da ƙarshe, saura kamar minti 10 a tashi, na bi wani ɗan gaba da gudu sai na ji kamar an jefe ni da dutse a bayan cinya. Har waiwayawa na yi in ga wanda ya jefe ni. Babu kowa. Na lallaɓa aka tashi, aka yi ta tsalle ana rungumar juna, ni ma ina tsalle da ƙafa ɗaya ina dariya.

Likitan ƙungiya ya tambaye ni me ya sa nake ɗingishi, na ce tsoka ce ta ɗaure saboda gajiya. Bayan kwana biyu jini ya kwanta, wurin ya yi baƙi har zuwa bayan gwiwa. Sai na koma sa dogon wando a atisaye, na daina wanka tare da 'yan'uwa. Na samo ƙwayoyin kashe zafi a waje ina haɗiya safe da yamma. Ranar gwaji likita ya kwantar da ni ya danna daidai wurin da yatsa, na ciji harshena har sai da na ji ɗanɗanon jini, na ce masa ban ji komai ba. Ya sa na yi sassarfa, na yi. Sassarfa ba ta tona asirin tsokar bayan cinya, gudun tsiya ne ke tona shi, kuma na san da haka sarai. Da safiyar wasa wani wanda ba likitanmu ba ya yi min allura a ɗaki, ƙofa a kulle.

Kafin ku yanke min hukunci, ku tsaya ku ji. Shekarata 27, kwantiragina na ƙarewa a ƙarshen kakar, kuma a benci akwai wani yaro ɗan shekara 19 da ya fi ni komai in ban da daɗewa. Na san in ya sa rigar nan ranar wasan ƙarshe ba zai cire ta ba. Tsoron nan ba na banza ba ne. Jimmy Greaves shi ne gwanin cin ƙwallon Ingila lokacin da aka shiga Kofin Duniya na 1966. Ya ji rauni a wasan rukuni da Faransa, Geoff Hurst ya shiga gurbinsa, kuma duk da Greaves ya warke kafin wasan ƙarshe, kocinsu Alf Ramsey bai mayar da shi ba. Hurst ya ci Jamus ta Yamma ƙwallo 3 a Wembley, sunansa ya shiga tarihi, Greaves kuwa sai 2009 aka ba shi lambar yabo. To in an yi wa Greaves haka, ni wane ne? Ga masu neman 'yan wasa za su cika filin, ga mahaifina da bai taɓa zuwa kallona ba ya ce zai zo. Kuma shi kansa kocin, da ya tambaye ni "lafiya lau ko?" idonsa na kan takarda, kamar mai roƙon kada in gaya masa abin da ba ya son ji.

A'a, wannan na ƙarshe ban yi masa adalci ba. Ya tambaya, na yi ƙarya. Shekaru na yi ina jingina masa rabin laifin don in samu in yi barci.

Minti 14 na yi a filin. Goman farko har na fara cewa a raina ashe na ci riba, don allurar ta kashe wurin ɗungurungum. Abin da ban lissafa ba shi ne allura zafi take ɗaukewa, ba ta ɗinke tsokar da ta yage, kuma zafin nan shi ne mai gadin da ke hana ka ƙarasa yaga ta. Na kori mai gadi na bar ƙofa a buɗe. Aka ɗaga ƙwallo ta bayana, ɗan gefensu ya zuba da gudu, na juya na bi shi. Taku na huɗu ko na biyar na ji ƙarar da har yau nake ji in dare ya yi shiru. Ina kwance ina kallo ya shiga ya miƙa wa na tsakiya, aka zura mana.

Yaron nan ɗan shekara 19 ya shigo ko ɗumama jiki bai yi ba, bayan mako guda yana buga wa 'yan benci a atisaye saboda ni na tare masa wuri. Ya buga wasan ransa. Muka farke bayan hutun rabin lokaci, aka tafi ƙarin lokaci. Zamanin canji uku ne kawai, ni kuma na cinye ɗaya tun kafin gumi ya karyo wa kowa. A ƙarin lokacin ɗan tsakiyarmu ƙafafunsa suka ɗaure, ya koma tsaye kamar turke, babu damar cire shi. Ta wurinsa suka bi suka ci ta biyu.

A ɗakin canza kaya babu wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi min sauƙi. Likita ya sa almakashi ya yanke bandejin, tsohon baƙin jinin nan ya bayyana, wanda ko yaro ya san ba na yau ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kyaftin ɗinmu ya tsaya a kaina ya ce, "Tun yaushe?" Na ce yanzu ne. Ya kalli cinyar, ya kalle ni, ya wuce. Shekarar ce ta ƙarshe da ya buga ƙwallo, kuma bai taɓa ɗaga kofi ba. Mun haɗu sau da yawa bayan nan, muna gaisawa lafiya lau, amma bai sake tambayata ba, ni ma ban taɓa ba shi amsar gaskiya ba.

Raunin da hutun makonni zai warkar ya ci min watanni. Ba a sabunta kwantiragin ba. Gudun bai dawo ba, cinyar ta sake yagewa sau biyu, na ajiye takalmi ina da shekara 30.

A 2014 ina kallon wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a talabijin, Atletico da Real Madrid a Lisbon. Diego Costa, ɗan gaban Atletico, ya fita da ciwon cinya mako guda kafin nan a wasan da suka ɗauki lig a gidan Barcelona, ya je har Belgrade neman magani, aka sa shi a farkon wasa. Minti na 9 ya fita. Wallahi sai na ji cinyata ta amsa. Godin ya ci wa Atletico, suna riƙe da kofin har minti na 93 kafin Ramos ya farke wa Real da ka. A ƙarin lokaci Atletico sun gama canjinsu uku, ɗan bayansu Juanfran na jan ƙafa, Real suka zura uku aka tashi 4-1. Simeone, kocin Atletico, ya fito ya ce kuskuren nasa ne. Ka ga bambanci kenan: shi ya san halin da ɗan wasansa ke ciki, ya yi cacarsa ido a buɗe. Nawa kocin na rufe masa ido na tura shi caca.

Haka a wasan ƙarshe na gasar a 2019, Harry Kane na Tottenham ya dawo daga ciwon idon sawu da ya ji tun watan Afrilu, kocinsu Pochettino ya fara da shi a Madrid ya ajiye Lucas Moura, mutumin da ya ci Ajax ƙwallo 3 a Amsterdam ya kai Tottenham wasan ƙarshen. Liverpool ta ci 2-0. Har gobe ana gardama a kai. Ni dai duk sanda aka tayar da zancen, fuskar Moura a benci nake tunawa, don na san akwai wanda na taɓa yi wa haka.

Labarin da ya ruɗe mu muna yara shi ne na Bert Trautmann, golan Manchester City da ya ƙarasa wasan ƙarshe na Kofin FA na 1956 da karyayyen wuya, suka ci Birmingham 3-1. An yi ta ba mu shi a matsayin jarumta. Ba a gaya mana cewa a lokacin babu canji kwata-kwata ba, kuma shi kansa bai san wuyan ya karye ba sai bayan kwanaki da aka ɗauki hoto. Bai ɓoye wa kowa komai ba. Ni kuwa na ɗauki son kaina na sa masa rigar Trautmann.

Na zauna da niyyar jera muku shawarwari goma, ku 'yan baya. Da na tace su sai na ga ba su kai ba.

Ka gaya wa likita. Shi kenan. Jikinka ne, amma gurbin da kake tsaye a kai na mutum goma sha ɗaya ne, har da na benci, har da mai wankin riguna da ya shekara yana jiran ranar. In ka faɗa, suka auna suka ce ka buga a haka, to buga, ko ƙafar za ta cire. Na san yanzu na gama ba ku labarin yadda allura ta kashe min sana'a, amma wasan ƙarshe ne, ba zan yi muku ƙaryar cewa akwai wani mai zuwa ba. Yawancinku ba za ku sake ganinsa ba.

Kuma ku rage ɗaukar kanku da girma. Cristiano Ronaldo ya fita yana kuka a minti na 25 a wasan ƙarshe na Kofin Turai na 2016, Eder da ba wanda ya sa a lissafi ya shigo daga benci ya ci Faransa a minti na 109. In Fotugal ta ɗauki kofi babu Ronaldo a fili, kai wace ƙungiya ce za ta rushe don babu kai?

Abin da ke ƙona min rai da ku shi ne an sauƙaƙa muku komai. Tun 2020 canji biyar ake yi. Akwai na'urar da ke nuna yagewar tsoka tun tana ƙarama, akwai 'yar rigar da ke ƙirga gudunku a atisaye. Duk da haka sai yaro ya ɓoye wa likitan da ake biya don ya kula da shi, ya je ya gaya wa ejan, wato wakilinsa, wanda kasonsa kawai yake hange. Ana yi maka magana kunnenka a toshe da waya, hankalinka na kan bidiyon da za ka ɗora in ka fito daga rami, hanyar da 'yan wasa ke bi zuwa fili. Mu aƙalla tsoron yunwa ya sa mu ƙarya. Ku kuwa... to, ban sani ba, wataƙila shi ma yaron tsoron ne. Akwai ƙanne a bayansa, na san da haka.

Shi ne ma ya jefo min tambayar da ta hana ni barci. Bayan na gama ba shi labarin nan kaf, ya ɗago ya ce, "Baba, da za a mayar da kai ranar, za ka faɗa?" Na buɗe baki in ce ƙwarai kuwa, sai na tuna fitowarmu daga rami, ƙarar filin da ke shiga har ƙashi, kofin a ajiye a gefe yana ƙyalli, da mahaifina a tsaye yana ɗaga hannu biyu. Minti 14 ɗin nan ban taɓa samun kamarsu ba, kafin su ko bayansu. Na yi shiru fiye da yadda ya kamata, shi kuma ya ga shirun.

Na ce masa gobe da safe kafin a fara atisaye ya je wurin likita da ƙafarsa, in ba haka ba ni zan je. Ya ce, "Haba Baba." Ya ɗauki jakarsa ya fita yana ƙoƙarin taka ƙafar daidai don kada in ga ɗingishin. Na gan shi. Lambar likitan na cikin wayata, tun ɗazu na buɗo ta na ajiye a gefen gado.