Magen da na bari aka binne tare da kaji

A farkon 2021, lokacin da murar tsuntsaye ta sake ɓarkewa a gidajen kaji na Arewa, aka tura ni ɗaukar samfur a wata gona da ke bayan gari a Kano. Kaji masu ƙwai ne, kuma tun daga bakin ƙofa na san abin da zan tarar: tukkaye sun yi shuɗi, fuskoki sun kumbura, ƙafafu da jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Wannan ɓangaren aikin bai ba ni wahala ba. Na ɗebi na maƙogwaro da na dubura, na yanki saifa da huhu, na jera su a kan ƙanƙara.

Ina haɗa kaya sai yaron gonar ya ce, "Likita, ka ga magenmu ma ta mutu da safe." Ya ce kwana biyu tana juyi wuri ɗaya, kanta a karkace, tana karo da bango kamar ba ta gani. Ya kuma faɗi, bai ɗauke shi komai ba, cewa ita ke cin kajin da ake jefarwa bayan keji.

Na ce shinkafar ɓera ta ci. Haka na ce, da bakina, da tabbacin wanda ya gama karatu jiya. Don kada a ce ban yi komai ba, na zura auduga a maƙogwaronta sau ɗaya, na jefa a kwalba, na rubuta "mage". Alhaji mai gonar na tsaye yana lissafin asararsa, rana ta yi, ramin binne kaji a buɗe. Aka ce a jefa ta ciki? Na ce a jefa.

A ɗakin gwaji kajin suka fito da wuri, wajen zagaye na 18 a na'urar PCR, mai ninka burbushin ƙwayar cuta zagaye-zagaye har ya bayyana, kuma murar tsuntsaye nau'in H5 ce. Magen sai a zagaye na 37 ta ɗan ɗaga kai. Kowane zagaye ninki biyu ne, don haka tazarar 19 na nufin abin da ke cikin audugarta bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari biyar na abin da ke cikin kajin ba. Na kai wa malamata, duk da haka ina ɗan jin daɗi. Ta duba, ta ce, "To ina ƙwaƙwalwar?" Na yi shiru. Ta ce, "Dabbar da ta ci kaza mai cuta jiya, ka goga auduga a bakinta ka sami burbushi. Kamuwa ka gano, ko abincin darenta?" Na ce, "Malama, ban yi tunanin..." Ta ce ta san ban yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san amsar, har na rubuta ta a jarrabawa. Furotin da ke jikin ƙwayar cutar, wanda ake yi wa alama da H, ba ya aiki sai an tsaga shi gida biyu. A murar tsuntsaye mai sauƙi, almakashin da ke iya tsagawar, wato wani sinadari na jikin tsuntsun, a hanji da hanyar numfashi kawai yake, shi ya sa cutar ke tsayawa can. A mai tsanani kuwa, wurin tsagawar na ɗauke da jerin amino asid, wato tubalan ginin furotin, da wani almakashi mai suna furin ke ganewa, shi kuma furin kusan kowace gaɓa ta jiki na da shi, har ƙwaƙwalwa. Dalilin da ya sa na yanki saifar kaza ke nan. Amma da aka nuna mini mage mai karkataccen kai, sai ilimin ya tsaya a kan kaza, ya ƙi ƙetarawa.

Kuma ba sabon abu ba ne. Tun 2004 damisa 147 suka mutu ko aka kashe su a wani gidan namun daji a Tailan bayan an ciyar da su ɗanyun kaji, kuma a shekarar ne masu bincike a Holan suka nuna mage na kamuwa idan ta ci tsako mai cutar. Shekara biyu kafin cutar ta iso Najeriya ke nan, a 2006. An rubuta, ni ne ban haɗa ba.

Me zan samu da na ɗauko ƙwaƙwalwar? Isasshen RNA, wato rubutun halittar ƙwayar, da za a karanta dukkan sassa takwas na ƙwayar. Ana so samfur ya fito kafin zagaye na 30 ko kusa da haka. Da 37 ba a karanta komai sai hayaniya. Kuma wuri ɗaya nake so in leƙa: gurbi na 627 a furotin PB2, ɗaya daga cikin ukun da ke buga wa ƙwayar kwafin kanta. Injin nan ba ya tashi shi kaɗai, sai ya jingina da wani furotin na mai masaukin, ANP32A. Na tsuntsu ya fi na dabba mai shayarwa tsawo da amino asid 33, don haka ƙwayar tsuntsu idan ta shiga jikin mage ko mutum sai ta tarar matakalar ta gajarta. Ga kuma sanyi: jikin kaza ya haura digiri 40, hancin mutum bai wuce 33 ba. Canjin harafi ɗaya a gurbin nan, amino asid mai alamar E ya koma mai alamar K, yana sa injin ya yi aiki da gajeren furotin, a cikin sanyin ma. Canjin kan iya faruwa a cikin dabba guda, cikin 'yan kwanaki. Ina da ƙwayar kajin a hannu. Da ina da ta magen, sai in jera su gefe da gefe in ga ko harafin ya juya. Gona ɗaya, mako ɗaya. Irin wannan damar ba ta zuwa kullum.

Kada a ɗauka 627 shi ne komai. Har yanzu furotin H na ƙwayar ya fi son kama sukarin saman ƙwayar jiki mai ɗaurin alfa 2,3, irin na tsuntsu, alhali hanci da maƙogwaron mutum sun fi yawan alfa 2,6. Wannan katangar ce ta fi tsare mu. Kuma ƙwayar na da wasu hanyoyin: a gonar mink, ƙananan dabbobi masu shayarwa da ake kiwo don gashinsu, da ta kamu a Sifen cikin Oktoban 2022, a gurbi na 271 na PB2 aka ga canjin.

Da labarin shanun madara na Teksas ya fito a Maris 2024, na karanta shi kamar mai karanta takardar tuhumarsa. A wata gona, maguna kusan 24 ke shan ɗanyar madarar shanun, fiye da rabinsu suka mutu. Alamominsu: juyi, makanta, tangaɗi. Aka buɗe kawunansu, ƙwayar na nan maƙil. Su kansu shanun, hancinsu bai nuna abin kirki ba, a madara take, domin hantsar saniya cike take da alfa 2,3. Wanda ya tsaya a audugar hanci da ya ce lafiyarsu ƙalau. A ƙwayar shanun canjin PB2 a gurbi na 631 yake, amma a jikin ma'aikacin gonar da idonsa ya kamu sai ga K a 627. Na aje wayar na fita waje.

Yanzu idan na je gonar da ta kamu, kafin in taɓa kaza nake tambaya: akwai mage, kare ko ɓera da ya mutu? Yara nake tambaya, ba mai gona ba, domin su ke ganin abin da ke faruwa bayan keji. Ba na barin a jefa wa dabba mushen kaza. Duk mai shayarwar da ta mutu da alamar taɓuwar kai, ƙwaƙwalwa da huhu nake ɗauka, auduga ƙari ce kawai. Ba sai an fasa ƙoƙon kai ba. Ana zura tsinken roba irin na shan lemo ta ramin ƙeya, kamar yadda ake yi wa karen da ake zargi da hauka. Amma sai da safar hannu biyu, takunkumi, tabarau, da allurar rigakafin haukan kare a jikinka, domin alamomin cututtukan biyu kamarsu ɗaya, kuma ba ka san da wa kake wasa ba. Aikin bai fi minti biyar ba. Na taɓa duba agogo, don in ƙara ɓata wa kaina rai.

Na koma gonar bayan kwana huɗu, da shebur a bayan mota. An zuba farar ƙasa, an rufe ramin, an yi feshi, kuma babu mai hankalin da zai tone shi. Yaron ya ce, "Likita, ashe ba shinkafar ɓera ba ce?" Na ce ban sani ba. Kwalbar tana nan a ƙasan firiza. Malamata ta ƙara alamar tambaya a gaban "mage" da jan biro, ta ce kada in kuskura in goge.