Naira 10,000 yau ko 12,000 bayan wata guda?

A darasin tattalin arziki an koya mana cewa ɗan Adam yana rage wa amfanin gobe daraja idan ya gwada shi da na yau, kuma ana iya auna yawan ragin. Masanin tattalin arziki Paul Samuelson ne ya tsara lissafin a 1937, bisa ɗaukar cewa ragin bai canzawa komai nisan lokaci. A 1981 wani masanin, Richard Thaler, ya tambayi mutane nawa za a ba su nan gaba su haƙura da dala 15 ta yau. Matsakaiciyar amsa ita ce dala 20 bayan wata guda, 50 bayan shekara, 100 bayan shekara goma. In aka mayar da shi lissafin shekara, ragin ya kai kashi 345 cikin ɗari a jiran wata guda, amma kashi 19 kacal a jiran shekara goma. Ashe jiran kusa ya fi ci wa mutum rai.

Hanyar awon ba ta da wuya. Ana jera wa mutum zaɓi: 10,000 yau ko 10,500 bayan wata, sai 11,000, sai 12,000, har a kai inda zai ce ya yarda ya jira. Wannan gaɓar ce ake rubutawa a matsayin ma'aunin haƙurinsa. Da wannan takarda na shiga wajen manoman albasa na yankin Goronyo da Wurno lokacin aikin bincikena na kammala digiri a Sakkwato.

Wani dattijo, yana zaune gefen rudun da ya shimfiɗa albasarsa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, in watan ya cika, ina zan gan ka?" Ya zaɓi kuɗin yau a kowane layi. A takarda ya fito marar haƙuri na ƙarshe. Alhali mutumin nan albasa ce ya ajiye tun kaka, yana juya ta, yana tsince ruɓaɓɓu, yana jiran farashi ya tashi bayan watanni, kuma ya san wani kaso zai lalace. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, musamman in akurkin na baƙo ne. Abin da na auna a wurinsa yarda ce, ba haƙuri ba.

Masu bincike sun san wannan matsala, shi ya sa wasu ke tura zaɓin biyu duka gaba, misali bayan wata ɗaya ko bayan wata bakwai, don shakkar biya ta hau kan kowanne. Ko gwajin alewa na Walter Mischel a Jami'ar Stanford, inda ake ba yaro zaɓin cin alewa ɗaya yanzu ko ya jira a ba shi biyu, wanda ake yawan kafa hujja da shi, bai tsira ba: a Jami'ar Rochester an nuna cewa yaran da aka fara saɓa wa alkawari sun jira kamar minti 3, waɗanda aka cika wa kuwa kamar minti 12.

Akwai kuma abin da ban gani a littattafanmu ba. Wasu sun ƙi ƙarin ne don ya yi musu kama da riba, wato kuɗin ruwa. Wani malamin zaure ya ce mini, "Malam, kuɗi ba su haihuwar kuɗi don kawai sun kwana." Ko hukuncin kyauta daban yake da na bashi, wannan na malamai ne, abin da ya shafe ni shi ne amsarsa ba ta da alaƙa da gaggawa. Ga kuma tsadar kaya: a Disamban 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. Wanda ya karɓi kuɗinsa yau ya sayi taki kafin ya ƙara tsada, lissafi ya yi.

Ba ina cewa son na yanzu babu shi ba. Yana nan, kuma mutane sun san shi a kansu fiye da yadda muke zato. Matan da ke zubin adashe suna roƙon a ba su kwasar ƙarshe, ba ƙarin ko sisi, don kawai kuɗin su yi nesa da hannu har bikin 'ya ya zo. A Kenya, masu bincike Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun gano cewa in aka kai wa manoma tayin taki daidai lokacin girbi, sa'ad da kuɗi ke hannu, masu amfani da shi suna ƙaruwa.

Saboda haka a babin sakamako na ƙara tambayoyin da takardar asali ba ta da su: me mutum ya ajiye, a wurin wa, kuma bashin wa ke kansa lokacin kaka. Wanda ya sayar da albasarsa da arha ranar cira, galibi mai kuɗin man injin ban-ruwa ne ke tsaye a bakin gonar.