Kuɗin gwamnati a baya suke zuwa

Ranar da na buɗe shago a tsakiyar wani ƙaramin gari na jihar Ayowa a Amurka, sai da na tsaya na ƙirga ƙofofin layinmu. Kusan rabi a garƙame suke, an liƙe tagoginsu da tsofaffin jaridu har rana ta ƙona su. Gine-ginen na jan bulo ne masu hawa biyu, tun na zamanin da jirgin ƙasa ne uban tafiya. Ciniki ya daɗe da komawa bakin babbar hanya, inda manyan kantuna suka baje da wurin ajiye motoci kamar filin idi. Ni arhar haya ce ta kawo ni. Nama halal nake sayarwa da shinkafa da manja, masu sayena kuwa ma'aikatan masana'antar nama ne, Somalawa da Sudanawa da 'yan Meziko. Bayan 'yan shekaru na sayi ginin dungurungum, a kuɗin da bai fi na sabuwar mota ba.

Wata dattijuwa mai sayar da ƙusa da fenti a kusurwar layi ita ta ja ni cikin kwamitin farfaɗo da tsakiyar gari. Na amsa ne don kara, ina zaton zaman shan gahawa ne kawai.

Tsarin da muka bi sunansa Main Street. Ƙungiyar National Trust for Historic Preservation, mai kare gine-ginen tarihi, ita ce ta fara gwada shi a 1977 a garuruwa uku: Galesburg a Ilinoi, Madison a Indiyana da Hot Springs a Dakota ta Kudu. Na je zaman farko ina jiran a faɗi nawa za a ba mu. Ashe horo da shawara ne jarinsu, ko albashin mai kula da shirin ma gari ne zai nemo.

Kuɗi masu kauri suna wurin CDBG, tallafin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1974. Garin da bai kai mutum 50,000 ba ta hannun jiha yake nema, kuma takara ce da sauran garuruwa. Ƙofar da ta dace da mu ita ce majalisar gari ta rubuta a hukumance cewa unguwar ta lalace, a kuma nuna aƙalla kashi 25 cikin 100 na gine-ginenta sun taɓu. Nan aka yi ta. Wani tsoho mai gyaran agogo ya miƙe jikinsa na rawa, ya ce ubansa ne ya ɗora bulon shagonsu, ba wanda zai kira masa shi kango yana raye. Dattijuwar nan ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta tuna masa bokitan da ya aro a wurinta ranar da aka yi ruwan sama, har yau bai maido ba. Aka fashe da dariya, ya zauna, aka kaɗa ƙuri'a.

Mun samu tallafin. Har hotonmu jaridar gari ta buga muna ta washe baki.

Murna ta koma ciki da muka zauna karatun sharuɗɗa. Ba a zuba kuɗin a asusu a ce ku je ku yi aiki. Sai an yi aiki, an kai takardun biya, an duba, sannan su fito. Kowane mai gini kuma sai ya ajiye nasa kason kafin a kafa tsani. Ga dokar Davis-Bacon ta 1931, wadda ta ce aikin gini da kuɗin tarayya da ya haura dala 2,000 sai an biya ma'aikata ladan da hukuma ta ƙayyade wa yankin, ana kai takardar biyansu kowane mako. Mai fentin garinmu, shi da ɗansa ne kamfanin, yana ganin takardun ya ce a kai kasuwa. 'Yan kwangilar birni suka zo da farashin da ya wuce lissafinmu nesa ba kusa ba. Gari ya cike nasa giɓin da abin da suke kira TIF: ana tsayar da ƙimar harajin gidajen unguwar a inda take, duk ƙarin da gyara ya jawo daga baya a mayar da shi kan aikin. Hukumar makarantu ba ta so ba, don a tukunya ɗaya suke ci.

Saura kasonmu mu masu shaguna. Banki ya buɗe ƙofa, amma bashi ne da ruwa, ni kuwa ba na taɓa riba. Kwana uku ina juyi a gado. Uwargida ce ta gaji ta ce, "Malam, duk wannan tunani, adashi fa?"

Washegari na kai maganar layi ina ɗari-ɗari, ashe kowa ya san abin. Basomale mai ɗinki ya ce su hagbad suke ce masa, Basudane ya ce sanduƙ, mai gidan abinci 'yar Meziko ta ce tanda. Dattijuwa ce kaɗai ta saki baki, wai babu lauya, babu sa hannu? Da yake ita kowa ya yarda da ita, ita muka naɗa uwar adashi. Ta sayo littafi mai jan bango, ta fi kowa tsanani, ranar zubi tun kafin a buɗe shago take ƙwanƙwasa gilashi da makulli. Muka jera kwasa daidai da yadda ɗan kwangila zai bi gine-ginen.

Kuskuren da har yanzu yake cina nawa ne ni kaɗai. Tallafin da muka samu na gyaran fuskar gini ne, na bi shi ido rufe, ban taɓa hawa na duba rufi ba. Aka kankare bulo, aka sa tagogin katako irin na asali, don masu kula da gine-ginen tarihi sun hana ni na alminiyon da na so. Shago ya fito kamar amarya. Da ƙanƙara ta fara narkewa a watan Maris, na shigo da asuba na tarar ruwa ya biyo ta bene ya sauka a kan buhunan shinkafa, sabon fenti ya kumbura yana ɓarewa kamar bawon albasa. Akwai rangwamen haraji ga mai gyara ginin tarihi, kashi 20 na tarayya da kashi 25 na Ayowa, amma shi ma bayan aiki yake zuwa, na tarayyar kuma tun dokar 2017 a shekara biyar ake cinye shi. Ana so a nemi amincewa kafin a taɓa gini. Ruwa bai ba ni wannan sarari ba, sai na roƙi mai ɗinki muka yi musayar kwasa a zagaye na biyu.

Tunda an buɗe rufin, na ƙarasa na mayar da benen ɗakunan haya biyu. Hayarsu ce ke riƙe ni a watannin sanyi da kasuwa ke kwanciya, kuma masu hayar a ƙasa suke sayayya.

Ƙofa uku a layinmu har yau a rufe suke. Ɗaya ta wasu magada ce da ke wata jiha, ba sa amsa wasiƙa. Kwasar wannan wata ta mai gyaran agogo ce, rufi zai yi.