Ɗan mai aski da ya zana hazo

Ranar Asabar da sassafe na sauka bakin kogin Matan Fada da takarda da kalolin ruwa, na tarar hazo ya lulluɓe ko'ina. Rana ta fito jawur kamar faifai, kwale-kwale biyu kuwa inuwarsu kawai ake hangowa. A da, in na ga haka naɗe kayana nake yi in koma cikin Argungu, wai ba abin zanawa. Wani Baturen Ingila mai zane da ya mutu tun 1851 ne ya raba ni da wannan ɗabi'a, J. M. W. Turner.

Kuɗi ne suka haɗa mu. Yayana ya dawo daga Landan da takardar fam 20, na ga wani saurayi a jiki, bayansa ga jirgin ruwa, ashe Turner ne. Na shiga intanet, sai dare ya raba.

An haife shi a 1775, mahaifinsa mai aski ne, a shagon ma yake kafe zanen yaron don masu zuwa aski su saya. Wannan ya taɓa ni, don ni nawa zanen farko Baba cewa ya yi ɓarnar takarda ce. Yana da shekara 14 aka ɗauke shi makarantar koyon zane ta Royal Academy. Daga nan ƙafarsa ba ta zauna ba: Faransa da duwatsun Suwizalan a 1802, Italiya a 1819, ko'ina da ɗan littafin zane a aljihu. Abin da ya bar wa ƙasarsa ya kai zanen fenti kusan 300 da ƙananan zane wajen 30,000, yawancinsu suna gidan adana zane-zane na Tate a Landan.

Ni dai aikin tsufansa ya fi kama ni. A zanen jirgin ƙasa na 1844, ruwan sama da hayaƙi sun cinye komai, kan jirgin ne kaɗai ya ɓullo baƙi ƙirin. Mutanen zamaninsa sun sha yi masa dariya a kan irin wannan.

Ina cikin shafa ruwan ɗorawa wani tsohon masunci ya leƙo.

"Malam, ina ruwan, ina saman?"

Na ce, "Baba, nuna mini a kogin."

Ya daɗe yana duban gabas, sannan ya yi dariya ya saɓa komarsa.