Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Fom Ɗin Inna

A makon jiya na tsaya a inda aka ba ni ajina na farko a jami'a, a 2013, shekarar da aka hana acaɓa a Kano. Amma sai na fara komawa kan maganar Inna, don in ban faɗe ta ba, ba za ku gane abin da ya sa nake fitar da ɗalibai daga aji in kai su bin layi ba.

Bayan ta fita takaba, ni na raka ta ofishin da za a biya haƙƙin Baba. Yaya yana Legas, Kawu kuwa kun san halinsa. Sau shida muka je daga Yakasai. Fom ɗin da Turanci yake, shafi huɗu. Ana son ranar haihuwa da wata da shekara, ita kuwa abin da ta sani da damina aka haife ta. Ma'aikacin ya rubuta mata 1 ga Janairu, kamar yadda ake yi wa dubban iyayenmu. Da aka zo gurbin matakin ilimi ko ɗago kai bai yi ba, ya rubuta "babu", ya turo mata tawada ta dangwala yatsa. Inna fa! Matar da ta sauke Alƙur'ani tun kafin aure, wadda duk lissafin adashin layinmu yake hannunta, rubuce da ajami, ba a taɓa samun kuskuren ko kwabo ba.

A mota ina ta huci, ta dafa ni ta ce, "Rabu da shi, 'yar nan, shi ma ba shi aka yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda ya tsara takardar nan bai taɓa kwana a ɗakinmu ba."

Shekarun digiri na biyu da na uku ba ni da abin faɗa a kansu, karatu ne da raino. Abin da na riƙe shi ne a can na gano cewa maganar Inna fanni ce guda da ake koyarwa, wato tsara aikin gwamnati daga buƙatar mutumin da zai yi amfani da shi. A 2012 gwamnatin Birtaniya ta tattara shafukanta na intanet wuri ɗaya ta kira shi GOV.UK, kuma ƙa'ida ta farko da masu aikin suka kafa wa kansu ita ce a fara daga buƙatar mai amfani. Ranar da na karanta wannan sai da na ajiye takardar na yi shiru, ina tuna yatsan Inna da shuɗin tawada.

Saboda haka mako biyun farko na kwas ɗina babu kwamfuta. Ina raba ɗalibai uku-uku, kowace ƙungiya ta zaɓi wuri: inda ake yankar kati a asibiti, inda ake biyan kuɗin ruwa, inda ake karɓar takardar haihuwa. Su je da sassafe, su nemi izini, su zauna su kalla. Mutum taga nawa ya je kafin a sallame shi? Wa ya cike masa fom, nawa ya ba shi? Nawa ya kashe a adaidaita sahu, kuma sau nawa aka ce ya dawo gobe? Na hana su tambayar "kana jin daɗin wannan tsari?", don Bakano zai ce maka alhamdu lillahi ko da ya wuni a rana. Sai dai su ce, "Baba, ba ni labarin zuwanka na ƙarshe, tun daga fitowarka gida."

A nan wani babba a sashenmu ya tashi a taron malamai ya ce wai na mayar da 'yan jami'a 'yan rakiya, wannan ba ilimi ba ne, yawon gari ne. Ya ce in koya musu rubuta manhaja in bar zancen tsofaffi. Ban tanka ba, ya girme ni, kuma ya taɓa koyar da ni. Amma har yau maganar tana ci mini rai. Shekaru bayan haka, da aka ba da umarni a Disamba 2020 cewa kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN, layuka suka cika gari, shi da kansa ya zo ofishina yana faɗa, wai sunan mahaifiyarsa a banki daban, a katin daban, sun yi sati suna zarya. Na ba shi kujera, na kira tsohon ɗalibina ya taimaka masa. Ban tuna masa da taron ba. Yau ga shi na rubuta.

Na yi gaba da yawa. A zangon farkon nan wani abu ya faru da ban hango ba. Ɗalibai maza da suka bi gidaje a kan maganar awon ciki suka dawo da rahoto mai kyau, amma duk maganar magidanta ce, don iyakarsu soro. Mai gida ya ce awon ciki ba matsala, shi yake bayar da kuɗin mota. Ɗalibai mata da suka shiga ciki suka zauna a tabarma, su aka gaya wa gaskiya: ranar komawa asibiti da Turanci ake rubuta ta a kati, a gajarce, sai an jira yaro ya dawo daga makaranta ya karanta, wani lokacin ranar ta wuce. Daga nan ban sake haɗa ƙungiya babu mace a ciki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma a gidajenmu ba mai soro ne yake kwana a kowane ɗaki ba.

Wata yarinya daga Kurna ta ɗauki wannan matsala. Da kwali da almakashi ta yi sabon kati, ranar komawa da Hausa, boko a sama ajami a ƙasa, da sunan ranar mako baro-baro. Na ce ta gwada shi a kan mata biyar, don masana wannan fanni sun daɗe da nuna cewa mutum biyar sun isa su tona maka yawancin manyan kurakurai, ka gyara ka sake gwadawa. Sharaɗi ɗaya ne, kada ta yi bayani, ta miƙa ta yi shiru. Uku daga cikinsu suka tsaya a wuri ɗaya, suna tambaya wace Talatar, ta wannan makon ko ta sama? Ta dawo kamar za ta yi kuka, wai aikinta ya lalace. Na ce mata yau ta fara aiki. Sai a gwaji na uku ya zauna. Na ba ta maki mafi girma a ajin, kuma na san wanda ya yi gunaguni a kan hakan.

Inna ba ta ga wannan kati ba. Na yi ta cewa zan kai mata ta gwada, ita da ta fi kowa cancanta, jarrabawa ta sha kaina, na ce sai hutu. Kafin hutun Allah ya karɓi abarsa. Da muke kwashe kayanta ni da Gwaggo, a ƙasan akwati muka samu kwafin fom ɗin nan a ninke cikin littafin adashi. A gefen inda aka rubuta "babu", ta rubuta cikakken sunanta da ajami, da tawadar allo.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda muka ƙare da Kawu a kan gidan Yakasai, in Allah ya kai mu.