Kunyoyin da na kusa tugewa su ne tsatsa ta kasa ci

'Yan uwa masu noman bayan gida, saura ƙiris shekaranjiya na yi wa kaina ɓarnar da zan daɗe ina cizon yatsa, shi ya sa na ce sai na ba ku labari tun da zafinsa.

Kunya shida ce da ni a filin bayan gidanmu a Rigasa. Huɗu na sa farin waken da na ajiye tun bara. Sauran biyun wani iri ne da Baba maƙwabcina ya ba ni a gwangwanin madara, ya ce ɗansa ya kawo masa daga Samaru, cikin ire-iren wake masu sunan SAMPEA da cibiyar binciken aikin gona ta IAR ke fitarwa, amma lambar ta shige masa. Farkon Agusta na shuka. Lafiya lau har aka fara fure, sai tsakiyar Satumba na ga ganyen ƙasa na farin waken yana yin ɗigo-ɗigo, yana komawa ruwan ɗorawa, yana zuba.

Na ɗauka ƙwari ne. Mai shagon da na je bai ko karɓi ganyen ya duba ba, ya miƙo min maganin ƙwari na naira 4,500. Feshi biyu na yi, ko gezau. Wallahi kuɗin nan har yau yana min ciwo, don da na kifa ganye ɗaya tun ranar farko da na gane. A bayan ganyen ne ƙurajen suke, ja-ja, a kumbure, kana shafawa gari ya manne maka a yatsa kamar ka taɓa tsohon kwano. Hannun farar rigata ma sai da ya yi jirwaye. Cutar tsatsar wake ce, babu tantama.

Sai na leƙa kunyoyi biyun da na sa irin Baba, na ga su ma da tabo. Raina ya ɓaci, na ɗauko fartanya da niyyar tuge su kafin su ƙara wa sauran cuta. Allah Ya sa na fara shafawa. Yatsana fes. Na ari madubin mai gyaran waya na bakin layinmu na duba: ƙananan tabo ne busassu, shafe da ganyen, ba kumburi, ba gari ko ƙwaya ɗaya.

Nan na zauna na bi abin a hankali. Wannan garin shi ne irin cutar, Uromyces ake kiranta, iska ke yawo da shi. In ya sauka a ganye ba ya tsira sai ganyen ya yi sa'o'i a jiƙe, ga raɓar wannan lokaci tana kaiwa hantsi. Daga nan ya lalubi ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su ya shige, ya kafa baki a ƙwayoyin ganyen yana tsotsa. Abin da ya ba ni mamaki, ba ya kashe su da wuri, domin ba ya iya rayuwa sai a jikin ganye mai rai. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙurji ya fashe, sabon gari ya tashi. To wake mai juriya yana gane baƙon tun a bakin ƙofa, sai ya kashe 'yan ƙwayoyinsa da ke kewaye da wurin da kansa, cutar ta rasa abinci ta mutu. Kamar yadda ake ƙone gefen gona don wutar daji ta iso ta rasa abin ci. Tabon da na kusa tuge shuka saboda shi, shaidar ta yi nasara ce. Na yi murna har na kira Baba ta katanga ya zo ya gani, ya shafa da kansa ya ce, "Ikon Allah!"

Kada dai mu saki jiki. Tsatsar nan iri-iri ce, waken da ya gane wadda ta zo bana yana iya kasa gane ta baɗi.

Farin waken kuwa na tsinke ganyen da ya ci sosai na binne, na daina shiga kunyoyin sai raɓa ta bushe. Na fesa mancozeb, maganin cututtukan ganye irin su tsatsa, ruwa ya sauko da yamma ya wanke, na sake. Shi ma kare sabon ganye kawai yake yi, wanda ya kamu ya kamu. Laifina biyu na gani: na cunkushe shukar har iska ba ta ratsawa, kuma harawar bara da na tara wa awaki tana nan jingine da katanga, taku uku daga kunyar da ta fara kamuwa.

Na ɗaura jan ƙyalle a tushe goma sha ɗaya mafi tsabta cikin irin Baba, daga su zan ɗebi iri, tunda wake galibi kansa yake yi wa barbara, abin da ka ajiye shi zai fito. A cikin farin waken ma akwai tushe biyu da ƙurajensu ƙanana ne ƙwarai, na sa musu shuɗin ƙyalle in ga yadda za su ƙare. Wanda ke da waken kanannado a wajen Mando ko Kawo, don Allah ya kifa ganyen ƙasa gobe da safe, ya shafa, ya gaya min ko yatsansa ya yi ja.