Don Allah ku daina kashe SELinux

Ƙannena masu koyon harkar saba ta Linux, abin da ya fi cutar da ni a farko shi ne setenforce 0, umarnin da ke sa tsarin tsaro na SELinux ya daina hana komai. Duk sanda wani abu ya ƙi tashi a CentOS, wani nau'in Linux, sai kawai in buga shi, aiki ya tafi, in ɗauka na gyara, alhali ƙyauren gidan na ɓalle gaba ɗaya.

SELinux dai hukumar NSA ta Amurka ce ta fitar da shi a 2000, ya shiga kernel ɗin Linux a 2003. Kowane shiri da kowane fayil yana da tambarinsa, kuma shirin da aka killace ko da ikon root (mai cikakken iko a Linux) yake gudu, abin da doka ba ta yarje masa ba ba zai taɓa shi ba. In ɓarawo ya samu kafa ta Apache, shirin da ke ba da shafukan yanar gizo, to a cikin httpd_t, tambarin Apache, zai tsinci kansa, iyakarsa ke nan. Android ɗin hannunku ma da shi take aiki.

Inda na sha wuya, na yi mv (matsarwa) ɗin fayilolin shafi daga home zuwa /var/www/html, burauza tana ta ba ni 403, wato an hana shiga, na yi ta buɗe wa kowa izini da chmod 777 a banza, ashe mv da tsohon tambarin take ɗauko fayil, wato user_home_t, shi kuwa Apache httpd_sys_content_t yake nema. Da ls -Z na duba tambarin da na gani tun farko, restorecon -Rv mai maido da tambarin da ya dace kuma ta gama magana. In a wani fulda daban kuka ajiye shafin ku fara da rubuta wa fuldar dokar tambari da semanage fcontext, don sauya tambari da chcon ba ya ɗorewa.

Ku saba da karanta /var/log/audit/audit.log, ausearch -m avc zai nuna muku wa aka hana, me aka hana shi. Amma ku yi hattara da audit2allow wallahi, duk abin da ya tarar an hana sai ya rubuta muku dokar halatta shi, ba ruwansa ko ɓarawo ne ya gwada. Sau da yawa ma setsebool -P httpd_can_network_connect on ya wadatar, in Apache ne ke son magana da wata saba.

In gwaji ya zama dole, semanage permissive -a httpd_t za ta sassauta wa Apache shi kaɗai, sauran na nan a tsare. Masu Podman kuma, shirin gudanar da kwantena, in kwantena ta kasa karanta fulda ku ƙara :Z a ƙarshen -v, kar ku ruga wajen --privileged mai cire wa kwantena killacewa.